Kofur a Rumfar Kunun Matta

Duk wanda ya gaya maka cewa kare ne ya tashi rumfar Matta ranar Talatar nan, ka ce masa ni Tukur mai facin taya na ce ƙarya yake yi. Shagona yana kallon rumfar, titi ne kawai tsakaninmu, a kan idona aka yi komai. Har yau in na tuna sai na ajiye abin da ke hannuna na yi dariya, in na gama kuma raina ya ɓaci.

Matta mutuniyar Zuru ce, Kirista, shekararta ashirin da shida tana dama kunun zaƙi a bayan tashar Mafara. Ta jiƙa gero, ta markaɗa da citta da kanumfari da busasshen dankali, ta dama, ta bar shi ya kwana, da sassafe ta tace cikin manyan randuna uku. Ranar Talata, ranar kasuwa, mutanen Garbadu da na Dakko, da 'yan albasar Bakura, har masu kifi daga wajen Maradun, kowa sai ya biyo ta rumfarta ya jiƙa maƙoshi. Kusan dukkanmu Musulmi ne, kuma abu ɗaya ne ya sa muke sha babu ɗar: tsabta. Kwanonin shanta na silba ne, duk iri ɗaya, kowanne da ɗigon jan fenti a gindi don kada ya ɓace cikin na maƙwabta. Ba ta da gona, ba ta da miji, ba ta da fansho. Sunan nan na tsabta shi ne abin da ta mallaka a duniya, in ya zube ba ta da wani.

Shi kuwa Stanley ɗan yayanta ne, akawu a wani ofishin gwamnati, mutumin kirki ne matuƙar yana barci. An taɓa tura shi kwas na sati uku a Jos, tun daga nan ba mu sake hutawa ba. Ko tayar babur ɗinsa ya kawo faci, sai ya tsaya a kaina yana gaya mini yadda ake yi a Jos. Yana da wani jan kare mai karyayyen kunne, ya sa masa suna Kofur.

Ranar Litinin da yamma ya faɗo shagona ya cusa mini waya a fuska.

"Tukur, duba ka ga ci gaba."

Na duba. Wasu Turawa ne zaune a gidan da ake dafa giya, kowa da karensa kwance a gindin kujera.

Na ce, "To, sai anka yi yaya?"

"Mu nan ba mu da gidan giya, amma muna da na kunu. Dafawa ce, tacewa ce, sai a zauna a sha. Gobe zan kai Kofur rumfar Goggo. Ni zan fara a duk faɗin Zamfara."

"Stanley, kare hwa. Cikin Musulmi. Ran kasuwa."

"Abin da ba ku gane ba ke nan. Ba kai karen ne laifi ba, kai shi babu tsari ne laifi."

Ya zaro wata takarda daga aljihu, ya kwafo dokoki daga wayar da kyakkyawan rubutunsa na akawu. Ta farko, a nemi izinin mai wuri. Nan take ya tsallaka titi, ina kallonsa. Ya durƙusa gaban Matta ya gaishe ta, ya tambayi gajiya, ya tambayi kasuwa, ya tambayi ciwon gwiwarta, sannan ya kawo maganar.

"A'a," in ji Matta, ko ɗago kai ba ta yi daga wankin geronta ba.

"Goggo, ki bari in yi miki bayani yadda…"

"Na ce a'a. Gobe Malam Barau zai zo da kansa ya ɗanɗana, shi ya ba ni aikin kunun sunan jikarsa ranar Alhamis. In na ga ko jelar karen nan a nan, ni da kai ne."

"Na gode, Goggo. Allah ya huta gajiya."

Ya dawo shagona yana murmushi, ya ciro biro ya yi wa dokar farko maki.

Na ce, "Ai na ji ta ce a'a."

"Takarda cewa ta yi a nemi izini. Na nema ko ban nema ba?"

Doka ta biyu ta ce a ciyar da kare kafin a fito, don kada ya yi kwaɗayi a gaban mutane. Stanley ba ya yin abu rabi. Da safiyar Talata ya ɗura wa Kofur malmalar tuwon shinkafa huɗu da kawunan kifi, har karen ya kasa miƙewa. Ya ja igiya, Kofur ya dube shi ya lumshe ido. Ya roƙe shi, ya yi masa Turanci, ko gezau. Sai ya aro baro wurin masu bulo.

Wajen ƙarfe sha ɗaya, kasuwa ta cika ta batse, na ji hayaniya ta taso daga layin 'yan gwanjo. Na ɗaga kai, sai ga Stanley cikin farar riga mai dogon hannu da baƙin takalmi, yana turo baro, Kofur kwance a ciki da jan laktaye a wuya, cikinsa ya yi tulu. Igiyar karen kuwa a ƙugunsa ya ɗaure ta tamau, wai hannu yana mantuwa amma ƙugu ba ya yi. Mutane sun fi talatin a bayansa, wasu har sun bar kayansu a shimfiɗe.

Ya yi sa'a Matta ta shiga cikin gida ɗauko ƙanƙara, ƙanwarta Lucy ce ke zuba wa mutane. Ya tsaya gindin dogon yaron da ke gefen rumfar, ya ƙirga taku uku daga bencin ƙarshe, ya sauke Kofur a hankali kamar buhun ƙwai.

Lucy ta ce, "Stanley, ka haukace ne?"

"Ina kwana, Anti. Ba a cikin rumfa muke ba. Na auna."

A bakin bencin akwai Jibo, dillalin albasa daga Garbadu, mutumin da ko liman ya yi tuntuɓe sai ya tanka. Ya janye ƙafarsa, ya tattare riga.

"Wanga mi na?"

"Kare ne, Malam Jibo. Sannu da zuwa, ya hanya?"

"Na ga kare na. Mi ya kawo shi? Shi ma albasa yaz zo saye?"

"Ya zo koyon zama da mutane."

"To kai wa zai koya ma?"

Rumfa ta ɗauki dariya. Stanley ya ɗauka yabo ne, ya gyara wuyan riga ya ce bari su ga horo.

"Kofur, kwanta."

Kare dai dama a kwance yake.

"Kun gani? Kofur, kada ka yi haushi."

Kofur ya ja minshari.

"Sati biyu kawai na yi ina koya masa," in ji Stanley.

Gaskiyar Allah, a nan abin ya fara ba mutane nishaɗi. Karen yana nesa, ba ya motsi, kowa ya koma kan kununsa yana tsokanar mai shi. Da Stanley ya tsaya a nan ya mayar da kayansa cikin baro, da yau ba ni da labari. Amma ina. Ya buɗe jaka ya ciro kwano, ya fasa ruwan leda ya zuba, ya tura wa karen. Kofur ya ɗaga kai ya lasa sau biyu ya koma barci. Stanley kuma ya juya wa kare da kwano baya, ya fuskanci jama'a, ya shiga bayani kan yadda a Jos ko akuya ba ta tsallaka titi sai ta duba hagu da dama.

Lucy ta zagayo da tire tana kwashe kwanonin da aka gama da su. Ta ga kwanon silba a ƙasa, ta ɗauka, ta watsar da ruwan, ta ga jan ɗigo a gindi, ta ɗora kan tire. Na hango ta, wallahi na hango ta. Na buɗe baki ke nan wata tifar yashi ta ratsa tsakaninmu, kafin ta wuce kwano ya riga ya shiga bahon wanki.

Daidai lokacin Matta ta fito rungume da ƙanƙara, daidai lokacin kuma Malam Barau ya iso. Dattijo ne na unguwarmu, mai karantar da manya tsakanin magariba da isha'i, in ya ce abu ya halatta ba a sake tambaya. Matta ta ga kare, ta ga Malam, ta rasa wanda za ta fara da shi. Ta durƙusa.

"Sannu da zuwa, Malam. An kwana lafiya?"

"Lahiya lau, Matta. Ya gida? Ya aiki? Ya gwiwar?"

"Da sauƙi, Malam. Ya mai jego? Ya jaririya?"

Bakinta yana gaisuwa, idonta yana kan Stanley, irin kallon da zai iya tafasa ruwa. Malam Barau ya dubi karen sau ɗaya, ya naɗe gefen rigarsa, ya zauna can ɗaya ƙarshen bai ce komai ba. Shirun nan ne Stanley ya kasa jurewa.

"Allah ya gafarta Malam, kada ka damu ko kaɗan. Wannan kare ne mai tsari. Ba ya kusantar kwanon kowa, da nasa ya zo. Ga shi nan ma."

Ya juya ya nuna ƙasa. Ƙasa ce kawai, da ɗan danshin ruwa.

"Wa ya ɗauki kwanon Kofur?"

Lucy ta tsaya da ludayi a hannu. "Wane irin kwano?"

"Na silba. Mai jan ɗigo a gindi."

Kowa ya juyo ya dubi Stanley.

"Ai na Goggo ne," in ji shi, da ƙarfi, don kowa ya ji yadda yake da gaskiya. "Wanda ta aiko mana da kunu a ciki lokacin Ista. Wata huɗu ke nan Kofur yana shan ruwa a ciki, ya saba da shi."

Mutum goma sha huɗu ne a rumfar, goma sha huɗun suka kifa kwanoninsu don su duba gindi. Jibo ya manta nasa cike yake, ya juye wa kansa kunu a cinya. Kowanne da jan ɗigo.

"Ku tsaya, ku tsaya," in ji Lucy. "Yana cikin baho. Yanzun nan na saka, kuma ban fitar da ko ɗaya daga ciki ba. Babu wanda ya sha da shi."

Ka ga, a nan ma da sauran gyara. Kwano tara ne a bahon, sai a ware su a huta. Amma Stanley ya riga ya zabura, igiya ta ja Kofur a ƙasa kamar tabarma.

"Ku bar mini, ni na san shi. Yana da 'yar lotsawa a baki."

Ya tsoma hannu ya ciro ɗaya, da lotsawa. Ya ciro na biyu, da lotsawa. Kwanon da ya shekara ashirin yana aiki wanne ne ba shi da ita? Ya ce bari ya gwada da masu tsabta ya ga bambanci, ya kwaso na kan tebur ya haɗa. Ya karɓe na hannun Jibo, ya karɓe na wani mai kifi, yana ɗagawa sama yana kanne ido ɗaya. Matta tana cewa "Stanley, bari, Stanley, ajiye," yana cewa "Saura kaɗan, Goggo." Kafin a ankara kwano arba'in cif sun zama tuli ɗaya.

Ya tsaya yana haki. Sai fuskarsa ta washe, na san kuma mun shiga uku.

"Ai da sauƙi. Kare ya san ƙanshin kayansa."

Ya watsa kwanonin a ƙasa gaban Kofur. Karen da tun safe bai san inda yake ba ya ji ƙanshin zaƙi, ya miƙe. Ya lashi na farko.

"Ga shi nan," in ji Stanley.

Ya lashi na biyu.

"A'a, gwadawa yake yi."

Ya lashi na uku, da na huɗu, yana kaɗa jela, laktaye yana jan ƙasa. Na jefar da tayar da ke hannuna na tsallako titi a guje. Jibo ya riga ni, ya ɗaga sandarsa ya daka tsawa. Kofur ya firgita ya yi cikin rumfa, ya bi ta hagun ginshiƙin tsakiya, Stanley da ke ɗaure da shi ya bi ta dama. Igiya ta naɗe ginshiƙi, ginshiƙi ya ce ƙaras, zanan rufi ya sauko kan mutane. Matta ta yi tsalle da gwiwar nan tata mai ciwo ta kifa jikinta kan murafan randuna. Stanley kuwa ya tafi da baya da baya ya zauna daram cikin bahon dusar da aka tace, ƙafafu a sama. Awakin tasha guda uku, da dama kullum dusar nan suke jira, suka zo suka fara cin abincinsu a jikinsa.

Na yi dariya har na riƙe ciki, ba zan ɓoye ba. Amma da aka ɗage zanan na ga mutane suna kakkaɓe riguna suna ficewa ɗaya bayan ɗaya, sai na daina dariyar. Tun kafin su kai bakin titi na ji maganar ta canza kama. Wani yana gaya wa wani wai ashe kare da mutane kwano ɗaya suke sha a wurin Matta, wata huɗu ana yi. Kafin la'asar maganar za ta kai Bakura, kafin Talata mai zuwa ta kai Gidan Goga.

Matta ba ta yi ihu ba, ba ta zagi kowa ba. Ta sulale ta zauna a ƙasa jikin randa, ta cire ɗankwali ta goge fuska.

"Shekara ashirin da shida," in ji ta a hankali.

Tausayinta ya kama ni ƙwarai, na ji kunyar dariyar da na yi.

Malam Barau ne kaɗai bai tashi ba. Ya cire wani karan zana daga rawaninsa, ya dube shi, ya yar.

"Jibo, kira min mutanen can. Kowa shi dawo shi zamna."

Suka dawo, don ba a ƙin kiransa.

"Tukur, kai ka ga komi. Bakin karen ga ya taɓa randa?"

"Bai taɓa ba, Malam. Da jikinta ta rufe su."

"Ludayi hwa?"

Lucy ta ɗaga shi, har yanzu yana hannunta.

"Akwai wanda ya sha da kwanon kare?"

"Babu, Malam."

"To kwanoni na sunka ɓaci, kwano kuwa wanke shi akai. Sau bakwai kowane, guda da ƙasa."

Jibo ya ce, "Allah shi gafarta Malam, na ji wasu malamai sun ce ba sai da ƙasa ba."

"Na sani. Wanga wanki da ƙasa za a yi shi. Kuma nan bakin hanya, inda kasuwa duk za ta gani."

Ya juya ya dubi bahon dusa. Stanley ya leƙo ta tsakanin awaki.

"Malam, a tsarin zamani akwai wani sabulu da in aka…"

"Tashi."

Aka kwance Kofur aka ɗaure shi can gindin dogon yaro, ya koma barcinsa. Aka kira mai kurar ruwa. Stanley ya durƙusa a rana tsaka, farar rigar nan ta koma kalar dusa, ya ɗauki kwanon farko ya cuɗa da ƙasa.

"Ɗaya," in ji Malam Barau.

"Biyu," in ji Jibo.

Kafin a kai kwano na biyar duk layin yana ƙirgawa baki ɗaya. Waɗanda suka tafi da mummunan labari suka dawo kallo, suka zo da waɗanda suka gaya wa. A kwano na goma sha biyu Stanley ya yi dabara ya tsallake daga huɗu zuwa shida. Ya manta 'yan albasa ne a kansa, mutanen da ko barci suke ba a cin su a lissafi. Aka ce ya koma ɗaya. Da aka kira azahar sai muka rabu biyu, rabi suka tafi salla rabi suka riƙe ƙirga, suka dawo muka tafi. Ya ce bayansa zai karye, wata mai ƙosai ta tambaye shi ko a Jos ba a koya musu durƙuso ba.

Ana gab da la'asar ya ajiye na arba'in. Kwanoni suka jeru kan tebur suna ƙyalli. Jama'a sun cika titi, amma babu wanda ya matso. Kowa yana kallon kwanonin yana tunanin wanne ne a ciki.

Malam Barau ya miƙe. Bai zaɓa ba, ya sa hannu tsakiyar jerin ya ɗauki wanda ya faɗo masa, ya miƙa wa Matta.

"Malam, da ka bari na aika a sayo sababbi," in ji ta.

"Zuba."

Ta ɗebo da ludayi ta cika masa kwanon. Ya karɓa, ya koma ya zauna, ya yi bisimilla, ya kafa kai. Ba ka jin komai sai wucewar kunu a maƙoshinsa. Ya shanye tas, ya goge gemu.

"Citta ta yi yawa."

Matta ta ɗago. Na ga ƙarfinta ya dawo tun kafin ta yi magana.

"Citta daidai take, Malam. Haka nake sa ta tun kafin a yi kwalta a titin nan."

"To ƙaro in tabbatar. Kuma Alhamis da hantsi nika son shi, randa ukku, kada a makara."

Jibo ne ya fara ture mutane ya ɗauki kwano. Daga nan layi ya miƙe har ƙofar shagona, Lucy tana zubawa, Matta tana zubawa tana share ido da gefen zane. Can ƙarshen layin sai ga Stanley ya iso, yatsunsa sun yi fari sun yamutse, leɓensa ya bushe.

"Goggo, ko rabin kwano ne. Amma dai kin lura, ko sau ɗaya bai yi haushi ba."

Ya miƙa hannu zai ɗauki kwano, ta buge hannun da bayan ludayi.

"Kai da kwanona har abada. Tara hannuwanka, su dai na ga an wanke su."

Ya duba hagu, ya duba dama, duk kasuwa shi take kallo. Ƙishirwa ta fi ƙarfinsa. Ya durƙusa ya haɗa tafukansa biyu, ta zuba masa ludayi ɗaya, ya sunkuya yana sha da sauri kafin ya tsiyaye.